Na Ɗauki Carbin Baba

Yaya Damaris,

Na fita kina barci. Jiya a kasuwar Sandaga na ji wata mai tumatir tana rera waƙar da Baba yake bayarwa a coci ranar da 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu. Har na waiwaya ina neman shi.

Kin san tun rasuwarsa, shekara huɗu, ban taka coci ba. Yau na tafi misar safe, ina so in ga Fada.

Ki yi haƙuri, na buɗe akwatinki na ɗauki carbinsa. Idan kin tashi ki biyo ni, don wataƙila a bakin ƙofa zan tsaya in kasa shiga.

Ƙanwarki,
Keziya