Ƙullutun da Rabi Ta Ɓoye

Hadiza 'yata,

Ki karanta wannan a zaune, kuma kada ki kira ni kina kuka. Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidanki da yara, ya zaman Kaduna? Mu nan Safana sai godiyar Allah.

Sakamakon yayarki Rabi ya fito, ciwon daji ne na nono. Likita ta zana mini a takarda: akwai wata ƙwayar halitta ta gado da ya kamata ta tsaya guda biyu, amma a cikin ƙullutun ta yi ta ninka kanta, shi ya sa yake girma da gaggawa. Ta ce irinsa yana jin magani, da an zo da wuri.

Tun damina Rabi take ɓoye shi a Runka, don surukarta ta ce daji ba ya son allura. Ke kuma kin sani, kika aika mata garin shafawa, kika yi mini shiru. Da karatunki! Yanzu ya kai hammata.

Ki gaida yara, ku sa ta a addu'a. Daga yau, duk 'yar da na haifa ta ji ƙullutu a jikinta, ranar za ta faɗa mini, washegari asibiti, ko da hanya ba lafiya.