Sambo Bai Yi Ihu Ba, Shi Ya Sa Kunka Bar Shi Kan Benci

Zuwa ga Mai Girma Likita, mai asibitin kuɗin nan na cikin garinmu Illela.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ba zan faɗi sunanka ba, ba zan faɗi sunan asibitin ba. Kai ka san kanka, ni kuma ba tozarta ka na zo yi ba.

Sunana Ɗanladi, ɗan kabu-kabu ne ni, tsakanin tasha da bakin iyaka nake neman abincina. Ban yi boko ba, allo na yi. Garin nan kowa ya san ni da tsokana. Ni ne na taɓa sauya wa mutane takalma a ƙofar masallaci, ni ne na ce wa wani baƙo garin Ƙonni na Nijar yana bayan wancan shagon ya sauka ya taka. Ban musa ko ɗaya ba. Na fara da wannan ne saboda ma'aikatanka sun riga ni baza labari cewa wani ɗan iska ya je ya yi wasa a asibiti har ya hana a duba mara lafiya. Ɗan iskan ni ne. Mara lafiyan abokina ne Sambo, kuma ya rasu. Ga yadda abin ya faru, ranka ya daɗe, tunda kwana biyun da munka zo asibitinka duka ba mu ga fuskarka ba, sai sunanka a jikin allon ƙofa.

Na ɗaya: wane ne Sambo.

Bafillace ne daga rugar da ke bayan Araba. Kowace Lahadi yakan kawo dabbobi kara don sayarwa, ni nake mayar da shi gida da yamma. Yana ce mani Kaɗo, ina ce masa Sandan Kiwo saboda ramarsa. Shekara bakwai ina neman abu ɗaya wurinsa: in ji ya ce wayyo. Na zuba masa barkono a fura, ya shanye, ya ce nonon yau ya yi daɗi. Salansar babur ɗina ta taɓa ƙona masa ƙwauri har fata ta saɓule, ban sani ba sai da munka isa ruga na ga wurin. Na je kallon sharo inda anka zane shi har jini, yana tsaye yana duba fuskarsa a madubi. Haka anka raine su. A wurinsu namiji ya yi kuka da ciwo gaban mutane abin kunya ne da ya fi ciwon. Ma'aikatanka ba daga wata ƙasa sunka zo ba. Suna sayen nono wurin mutanen nan kullum, sun san haka sarai.

Na biyu: ranar Lahadi.

Bayan azahar, a cikin kara, na iske Sambo ya durƙusa ya dafe ƙahon zuci. Ya yi amai har sau uku. Da na matsa masa, ya ce wani abu ne ya soke shi ta gaba ya fita ta baya, in ya kwanta rigingine sai ya ƙaru, in ya duƙa sai ya ɗan lafa. Na ɗora shi kan babur na kawo shi wurinku.

Malamin jinyar da ke aiki ya tambaye shi, ya jiki? Sambo ya ce da sauƙi. Likita, don Allah, wa ka taɓa tambaya ya jiki a ƙasar nan ya ce maka babu sauƙi? Kakata tana gargarar mutuwa anka tambaye ta, ta ce da sauƙi. Gaisuwa ce, ba gwaji ba ce. Amma malamin naka ya karɓe ta tamkar sakamakon awo. Bai taɓa cikinsa ba. Bai kama hannunsa ba. Abin awon hawan jini yana rataye a ƙusa bayansa, bai ko waiwaye shi ba. Ya rubuta olsa, ya ba mu farin maganin nan na kwalba, ya ce a rage yaji. Na ce masa mutumin nan na sha gwada shi da yaji, ba ya yi masa komai. Ya yi dariya, ya ce wanda ke da babban ciwo ba ya zama shiru haka.

Wurinku kowane ciwon ciki olsa ne. In ba olsa ba, taifot. Ko ni da ban san boko ba, da kun ba ni farar riga da biro zan iya wannan aikin.

Na uku: ranar Litinin.

Da hantsi na koma ruga. Mahaifinsa, wanda nake kira Baffa, ya ce mani tun jiya Sambo bai yi fitsari ba. Leɓɓansa sun bushe, idanunsa sun faɗa, numfashinsa gajere-gajere kamar wanda ya yi gudu. Munka dawo wurinku mu uku. Anka ce mu zauna kan benci, munka zauna. Sambo ya rungume sandarsa ya duƙa kanta, zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Baffa yana gefensa yana jan carbi. Sau huɗu na tashi na je tagar kati. Na faɗa masu maganar fitsari, na faɗa masu maganar numfashi. Kowane zuwa sai a leƙo a dube shi daga nesa a ce ai ga shi nan zaune lafiya lau, a yi haƙuri, akwai waɗanda sunka fi shi.

Na zauna ina kallon waɗanda sunka fi shi. Wani ya zo yana kururuwa da ƙaya a tafin ƙafa, anka shige da shi. Wani ya zo da ciwon haƙori yana buga bango, anka shige da shi. Ban ce ba su da ciwo ba. Amma har anka kira azahar, har anka kira la'asar, na gane yadda layin naku yake tafiya. Ba wanda ya riga zuwa ba ne, ba wanda ya fi jin jiki ba ne. Wanda ya fi ƙarfin murya ne.

Na huɗu: abin da na yi.

Ba zan ɓoye ba. Bayan la'asar na dafe cikina na faɗi tsakiyar ɗakin jira, na yi birgima, na kira uwata, na kira kakata da ta mutu, na shure kujera. Ni ɗin nan da sunka gani tun safe ina kai da komo, ina ɓare gyaɗa a bakin ƙofa. Kafin in rufe baki mutum uku sun ɗauke ni. Ga gado, ga fanka. Abin awon nan da ke rataye ya sauko daga ƙusarsa. Anka soka mani allura a hannu, anka rataya ledar ƙarin ruwa. Ko tsawon alwala ba a ɗauka ba.

Wallahi, Likita, na yi tsokana da yawa a rayuwata, kuma duk wadda ta ci nakan ji daɗi. Wannan da ta ci ban ji daɗin komai ba. Ina kallon ruwan yana ɗiga cikin jijiyata, ni da lafiyata ƙalau, shi kuwa mai ƙishirwar yana waje kan katako.

Na tashi zaune na ce: "Malam, lafiyata lau. Ga mai ciwon can. Ku cire wannan ku sa masa."

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni ƙyama. Da sun zage ni, sun mare ni, sannan sun shigo da Sambo, da har yau ina gaishe su a hanya. Amma sai malamin jinyar ya ce an raina masu hankali, ya zare allurar, ya jefa sauran ledar ruwan cikin kwandon shara gaban idona, ya ce mu kwashe mara lafiyanmu mu kai shi inda ake wasan yara. Baffa ya cire hularsa yana ba da haƙuri. Dattijo mai furfura, yana roƙon sa'an ɗansa. Ba a saurare shi ba. Laifina ne, na yarda, to Sambo mi ya yi?

Na biyar: abin da na gani a Sakkwato.

Munka samu mota, munka isa babban asibiti bayan magariba. Wata likita ce ta karɓe mu, ba ta fi ni shekaru da yawa ba. Ita ma ta ce ya jiki, shi ma ya ce da sauƙi. Ta ce to madalla, ta kama wuyan hannunsa tana duban agogo. Ta ƙirga numfashinsa. Ta auna zafin jikinsa. Ta tambayi rabonsa da fitsari. Ta tambaye shi sunan garinsu da ranar da ake ciki, ya faɗi gari, rana ta ɓace masa. Ta sa anka ɗebi jini, anka ɗauki hoton ciki da na ƙirji, kuma kafin sakamako ya fito tuni ruwa yana shiga jikinsa.

Washegari ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa. Ta ce ba olsa ba ce. Akwai wata tsoka doguwa kwance bayan tumbi, suna ce mata fankiriyas, ita ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci. Wani ɗan dutse ne ya fito daga maɗaciya ya toshe hanyar, ruwan ya koma yana cin tsokar kanta. Baffa ya gyaɗa kai, ya ce ya san wurin, yana ganinsa in an yanka saniya. Likitar ta ce da irin ciwon da Sambo ya kwatanta da gwajin jini ɗaya ake kama wannan cuta. Ta ce mutane da yawa suna warkewa cikin 'yan kwanaki, amma akwai waɗanda takan taɓa masu ƙoda da huhu, kuma babban aikin likita shi ne ya gane tun ranar farko wane ne zai tsananta.

Sai ta nuna mani wata takarda da ta yi ta cikawa tun da munka iso. Ta ce masana sun daɗe suna bincike kan masu wannan ciwo, suna duba alamomin da ke fara bayyana ga waɗanda abin ke yi wa muni, sunka tara su wuri ɗaya: bugun zuciya, numfashi, zafin jiki, ruɗewar hankali, shekaru, abin da jini ya nuna game da ƙoda, ruwa a ƙirji. Ta ce takardar ba ta san gaibu ba, takan yi kuskure, har yanzu ana ta bincike don a gyara ta. Na sa ta karanta mani ita daga sama har ƙasa. Na ce mata, Likita, ina layin ihu? Ta ce babu.

Ranka ya daɗe, rabin abin da ke takardar nan ba ya bukatar inji. Yatsu biyu ne, da agogo, da tambaya. Kuna da yatsu. Malamin jinyarka yana da agogo, na gan shi, mai ruwan zinari.

Na tambaye ta ko da an tura mu tun Lahadi da ya rayu. Ta ce rai na Allah ne, ba za ta rantse ba, amma yini biyun nan da anka ɓata su ne masu tsada, kuma ƙodarsa ta riga ta gaji kafin ya iso. Na sake tambayarta ko wasan da na yi ne ya jawo. Ta ce da ban yi ba, wataƙila da har dare muna kan bencin. Ban san ko gaskiya ta faɗa ko lallashina take yi ba. Ina ɗauke da wannan, ba na neman kowa ya sauke mani.

Ran Laraba da rana hankalin Sambo ya ɗan dawo. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce ihuna na ranar nan ya fi na jakin Baffa, ya kamata a riƙa ɗaukata haya. Na ce ai kyauta na yi masa, saura ya biya ni da ɗan maraƙi. Baffa ya fita alwala. Sai Sambo ya jawo hannuna, ya duba ƙofa ya tabbata ba kowa, ya ce a hankali: "Kaɗo, akwai ciwo."

Shekara bakwai ina farautar wannan maganar. Da na same ta, da ma ban ji ba. Ran Alhamis da hantsi ya cika.

Ga abin da nake roƙo.

Ka sa a daina auna ciwo da kunne. Duk wanda ya shigo da ciwon ciki, a kama hannunsa, a ƙirga numfashinsa, a tambaye shi fitsari, kafin a ce masa ya zauna. Musamman wanda ya yi shiru.

Ka nemo irin takardar nan ka liƙa a bango kusa da ƙusar da abin awo ke hutawa. In ba ka san inda ake samunta ba, zan je Sakkwato da man babur ɗina in roƙo maka.

In ba ku da gwajin jinin, ba abin kunya ba ne. Ku ce ba mu da shi, ku tafi gaba yanzu. Abin kunya shi ne a rubuta olsa don kada a ce ba a sani ba.

Ka faɗa wa ma'aikatanka su daina cewa ni na hana a duba Sambo. Su ce ɗan iska ne ni, na amsa. Amma su ƙara da cewa ɗan iskan ya samu gado cikin minti kaɗan, mai mutuwa ya yi yini guda bai samu ba.

Na ƙarshe, ka je rugar bayan Araba ka yi wa Baffa gaisuwa. Ni zan kai ka, ba sai ka biya ba. Zai shimfiɗa maka tabarma, zai sa a kawo maka nono. In ka tambaye shi ya haƙuri, zai ce maka da godiya, fuskarsa ba za ta nuna komai ba. Ina roƙonka, wannan karon kada ka yarda da abin da ka ji.

Allah ya jiƙan Sambo, ya sa ciwon da ya haɗiye ya zama kaffara. Kai kuma Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya albarkaci asibitinka, ya ba ka ma'aikata masu taɓa mutum da hannu. Ranar da ciwo ya kwantar da kai, Allah ya haɗa ka da wanda zai duba ka ko ba ka ce uffan ba.

Wassalam, daga wanda ya yi ihun da ba nasa ba,

Ɗanladi mai kabu-kabu,
Illela.