Ramar Habu

Laraba da dare, Azare.

Kwananmu tara a asibiti da jikana Habu. A hannuna aka yaye shi, koko zalla na yi ta ɗura masa. Da ya kumbura na ce ƙiba ce, har ina yi wa uwarsa Ladi gori.

Yau sikeli ya nuna ya ragu, Ladi ta sa kuka. Sista ta danna ƙafarsa da yatsa, wurin bai lotsa ba. Ta ce, "Ruwan ne ke fita, Hajiya. A ci gaba da madarar kaɗan-kaɗan."

Na ce masa, "Angona, ka rame, miji zan sake."

Ya harare ni, ya fizge kofin ya kafa kai. Rabonsa da neman abinci da kansa tun kafin azumi.