Keken da Kika Aiko wa Takwararki

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sa ciwon bayan nan ya zama kaffara, ya ƙara miki tsawon rai. Mu ma lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, kin san in ta fara wannan to ta warke. Auta yana haƙori, ya hana kowa sakat. Ni kuma ina nan a gidan burodi, in fita da asuba in dawo bayan azahar.

Saƙonki ya iso, direba ya sauke mana kwalin. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Sai dai tun ranar kaina ya ɗaure, kuma na kasa tambayarki a waya, don Inna ba ta yarda a yi magana da ke sai an buɗe murya kowa ya ji. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna na faɗa miki 'yata, takwararki, ta shiga sakandare, kuma makarantar tana can bayan babban titi, tafiyar awa guda a ƙafa. Sau bakwai tana tarar da an rufe ƙofa. Ni na ce a nema mata keke, tunda lokacin da take fita ina gaban tanda, ba halin in kai ta. Maman yara ta ce sam, ba za ta haifi 'ya ta miƙa wa manyan motoci ba, ga ɗan mai wanki can da aka buge yana kan keke, har yau yana ɗingishi. Na ce ai mai tafiya a ƙasa ma sai ya tsallaka titin nan. Ta ce mai ƙafa yana iya ja da baya. Da musu ya ƙi ƙarewa, Inna ta ce a kai maganar gabanki, tunda ke kika riƙe ni bayan rasuwar Baba, kuma yarinya sunanki aka sa mata. Ranar da muka kira ki layin yana ta yankewa, amma da kunnena na ji kin ce mu bar miki, za ki aiko mata da keke.

To Yaya, da muka yanke igiya muka buɗe kwali, keken ɗinki muka gani. Sabo fil, da teburinsa da matakinsa.

Yanzu kowa a gidan nan ya zama mai fassara. Maman yara faɗuwa ta zo mata daidai da zama, ta ce kin goyi bayanta ne cikin hikima, kin nuna ba ki son a hau titi. Inna ta wuce nan. Ta ce ruwa ba ya tsami banza, babba ba ya aiko da kaya haka kawai, nufinki yarinya ta bar wahalar hanya ta zauna ta koyi sana'a. Tun ranar ta hana ta fita. Da na ce wataƙila kuskure ne, sai ta tambaye ni ko yanzu na yi girman da zan ce Yayata ba ta san abin da take yi ba. Maman yara ma da ta ga abin ya wuce inda take so, ta koma yi min kallon kamar ni na aiko da kwalin.

Ni kuwa wallahi ban sani ba. Wani lokaci in ce layi ne ya cinye rabin maganata, kika ji keke kika ji 'ya mace, kika haɗa da kanki. Wani lokaci in ce wanda kika aika kasuwa ne bai tambaya ba. Sai kuma in tuna ke da ɗinki kika ciyar da mu, sai in ce ko dai Inna ce da gaskiya. Idan nufinki ke nan, ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye miki ba, amma ba zan tsallake maganarki ba. Jiya shugaban makaranta ya aiko cewa kwana tara ke nan ba a ga yarinyar ba, idan Litinin ta sama ta wuce za su ba wata kujerarta.

Ita kuwa takwararki, bari ki ji. Ranar Lahadi da ba na fita aiki na same ta da sassafe a gaban keken, tana ta taka shi, babu zare babu ƙyalle, idonta a kan agogon bango. Maman yara ta ce haka take yi kullum da ƙarfe bakwai. Na tambaye ta me take ɗinkawa. Ta ce ba ɗinki take ba, gwadawa take, kuma da na hawa ne da yanzu ta wuce gidan mai, saura kaɗan ta ga ƙofar makaranta a buɗe. Na fita waje.

Don Allah Yaya, direban zai juyo ranar Juma'a. Ba sai kin yi dogon rubutu ba, kalma ɗaya ta isa, hawa ko ɗinki, da hannunki yadda Inna za ta gane rubutun.

Ki gaishe min da maigidanki, da Babban Yaya in kun haɗu, da 'yan biyu, da amaryar ɗanki. Inna da maman yara suna gaisuwa. Takwararki ta ce in yi miki godiya, kuma ta wanke kayan makarantarta ta goge.

Ƙaninki,
Baban takwararki