Gululun Kaka Delu

Yamai, 9 ga Afrilu, 1985

Zuwa ga uwargidana, Kaka Delu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina zafi, ina gwiwar nan taki mai kuka kamar tsohon ƙyaure? Ina Yaya Raliya da jaririyarta? Yaya, ke ce mai karanta mata takardar nan, don Allah kada ki tsallake komai, har inda na tsokane ta.

Ni jikanki, mijinki na ƙwarai, lafiyata lau. Teburina na tabarau da agogo yana nan kasuwar Lazare. Sai dai bana ba mai son ganin abin da ke gabansa, balle ya san ƙarfe nawa.

Amadou direban kamiyo ya shaida mini Kukar Illo ta watse, saura gida shida. Ya ce sau biyu yana tsayar da mota ƙofar gidanki, kina ce masa in mijinki Tanimu ya dawo ya tarar da kango, wa zai ba shi ruwa? Haba Kaka! Shekara arba'in da shida fa. Yaya Raliya ta rantse ba ta barin ki, ga nononta yana ƙafewa, ga rumbu ba ko tsaba. Ku uku ne kan wannan taurin kai, kuma ɗayarku ko haƙori ba ta yi ba.

To, tunda kishina da mutumin nan ya ƙi ƙarewa, zan nemo shi. Abin da na riƙe daga bakinki shi ne: an tafi da shi soja bayan girbi, shekarar da Faransa ta fara yaƙi da Jamus, kina da cikin babana. Sojan ƙasa ne, mai tafiya da ƙafa. Ya ce ki jira shi nan gindin kuka. Mutanen gari suka ce ya sami wata a bakin teku ya manta hanya, har babana ya rayu ya rasu ana kiransa ɗan wanda ya gudu.

Ga cinikin da nake so mu yi. In na kawo miki labarinsa tabbatacce, ko mai daɗi ko mara daɗi, ki hau motar Amadou ku taho Yamai. Ban yarda da ragi ba.

Wani abu kuma, kada ki yi mini dariya. Tun da na sa wannan a raina, in rana ta take, kasuwa ta yi lamo, sai in ga ɗan mutum cikin kowane gilashi na kan teburina. Yana tafe daga nesa, jar hula a ka, takalma rataye a wuya. Tabarau talatin, shi ma talatin. Kullum yana tahowa, bai taɓa isowa ba.

Na ba Amadou rabin buhun jar dawa ta taimako. Na san kin ce abincin jaki ce. Ki daure ki ci, jakin ma ba ya samu.

Ki gaida kowa da kowa. Naki har kullum,
Mijinyawa


Yamai, 14 ga Mayu, 1985

Uwargida ran gida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, saƙonki ya iso. Kin ce kin yarda da cinikin, amma kin san ni, a kasuwa na yi wayo, don haka in zo da shaida ba da baki ba. Wannan magana ta kama ni a wuya, bari in faɗa miki dalili.

Akwai wani gwani bayan layin masu gawayi da ke sassaƙa hatimi da dunduniyar tsohon takalmi. Kafin saƙonki ya zo har na sa ya yi mini takarda mai hatimi biyu, wai Tanimu ya rasu a asibitin soja. Ta yi kyau, wallahi, ko kumanda sai ya sara mata. Kwana uku tana aljihuna tana ƙona mini cinya. Sai na tuna ranar da na sha miki nono na cika ƙwaryar da ruwa, kika gane tun daga tafiyata. Na ba mai tsire ita ya naɗe nama.

Daga nan na kama hanyar gaskiya, ashe doguwa ce ba inuwa. Na tafi gidan mazan jiya, inda tsofaffin sojoji ke taruwa. Ki gan su, Kaka, zaune ƙarƙashin dogon yaro da tsofaffin kwat cikin wannan zafi, lambobi na rawa a ƙirji, suna gardama kan sanyin wani gari da su kaɗai suka san shi. Mai riƙe da littattafai, Mushe Isaka, na miƙa masa agogo a ɓoye. Ya zabura kamar na ba shi kunama, ya ce ina so sojoji su zo su same shi da agogo biyu? Zamani ya canza. Yanzu ma'aikaci da tsoro yake aiki, kuma kyauta.

Sati biyu muna buɗe littattafai masu warin jemage. Ba Tanimu ko ɗaya daga yankinmu. A shekarar 1939 mutum guda ne kaɗai aka rubuta daga Kukar Illo: Oumarou, ɗan maigari. A gaban sunan an ja layi, an rubuta ya mutu a Faransa cikin Yunin 1940.

Na yi dariya har Mushe Isaka ya tsawata mini. Alhaji Oumarou namu? Wanda ke toshe kunne in mafarauta sun buga bindiga? Wanda na ci kaza a gidansa shekara biyu da suka wuce? In dai matattu haka suke tauna ƙashi, mutuwa ba abin tsoro ba ce.

Amma da na fito, sai dariyar ta ƙare. Na san warin kayan da aka canza wa kwali, sana'ata ce. Ba zan ce komai ba tukuna. Tsofaffin sun dubi lambar rundunar, suka ce mutum ɗaya ya rage da ya yi ta, wani Bazabarme mai suna Sumana, masunci, can ƙetaren kogi a Harobanda. Sun ce idanunsa sun yi hazo, kuma ba ya son baƙi. Ido dai kin san hajata ce.

Ki shafa mini kan jaririya. Allah ya kai mu azumi lafiya.
Naki,
Mijinyawa


Yamai, 16 ga Yuni, 1985

Kakata,

Ina yi muku barka da shan ruwa, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya Raliya, ki zaunar da ita kafin ki ci gaba. Ki kira Inna Hajara ta maƙwabta ma, ko da Kaka za ta ce ba ta shiga mata gida.

Kaka, kogin Isa ya tsaya. Ba ƙari na yi ba. Ruwan da aka ce tun Annabi Nuhu yake tafiya, bana ya zauna. Ranar Alhamis ban bi ta gada ba, na sauka na taka cikinsa da ƙafata. Jiragen masunta kwance a kan yashi kamar shanun da suka gaji. Mutane suna ƙetarewa shiru, ba mai ɗaga murya, sai ka ce cikin ɗakin mara lafiya. Ga azumi, ga rana, ƙasa tana rawa a gabana. A tsakiyar kogi na ji kamar akwai mai tafiya a bayana, sawunsa yana faɗawa cikin nawa. Ban waiwaya ba.

Na sami Baba Sumana yana ɗinkin taru wanda ba ruwan da za a jefa shi. Da lalube yake yi. Na yi sallama, ya ce in bara ce Allah ya ba mu, in kuma gwamnati ce ya riga ya ba ta abin da yake da shi. Na ce ni mai tabarau ne, gwaji kyauta. Na sa masa na fari, ya ce duhu ya ƙaru. Na biyu, ya ce yanzu duhun biyu ne. Har na biyar. Da na ɗora masa na biyar sai ya ƙura mini ido. Ya kama haɓata ya juya fuskata wajen haske, ya bi zanen gidanmu da ɗan yatsa, uku-ukun nan na kunci, har zuwa ɗan karkataccen billen da ke ƙarƙashin idon hagu. Zanen da 'yan matan Yamai ke yi mini ba'a da shi, wai kaza ta yi tono. Ya kira ni Oumarou. Sannan ya girgiza kai, ya ce a'a, ya yi alkawari ba zai ƙara kiran sa da wannan suna ba. Ya ce Tanimu.

Ga abin da ya faɗa mini, da Hausarsa ta bariki.

Sunan ɗan maigari ne ya fito a takardar Nasara. Maigari ya tura kakana a madadinsa, da sunan ɗansa, ya sa shi ya dafa Alƙur'ani ba zai faɗa wa kowa a gari ba, har ke. Baba Sumana ya ce watan farko kullum sai an hukunta kakana, don in an kira Oumarou sai ya tsaya yana waige-waige yana neman mai sunan. Sun taka daga Tawa, sun shiga jirgin ruwa, sun ga ƙasar da ruwa ke zama dutse. Ya ce ba wanda ya kai shi tafiya. In an yi zango kowa na duba ƙafarsa, shi kuwa sai ya fito da wani ɗan abu daga cikin layunsa yana murzawa a tafin hannu, yana ba su labarin wata mai kaɗi, mai faɗan tsiya, wadda zarenta ya fi gashin jariri laushi.

Sun tsare wani ƙauye a bakin kogi kwana uku. A rana ta uku harsashi ya sami kakana a ciki. Bai daɗe ba. Ya roƙi abu biyu: a kira shi da sunansa na gaskiya in za a rufe shi, a kuma mayar wa Delu abinta, don ya san tana can tana zargin mutane. Baba Sumana da hannunsa ya haƙa, gindin wata itaciya mai furanni, ya kintaci gabas, ya kira sunan sau uku.

Takardar mutuwa gidan maigari ta tafi, tunda sunan ɗansu ne a kai. Yaya za su yi shelar rasuwar wanda ke zaune yana shan fura? Suka yi gum. Da Baba Sumana ya dawo daga hannun Jamus ya aika wani fatake ya tambayo ki, gidan maigari suka ce kin yi aure kin bar gari. Damin hatsin da Alhaji Oumarou ke aiko miki kowace kaka, kina cewa mutumin kirki ne, yanzu kin san ko na mene ne.

Kaka, bai gudu ba. Ba wata a bakin teku. Wata takwas kacal ya yi bayan rabuwarku.

Shaidar tana cikin ƙullin tsumman da ke tare da takardar nan. Gululun mazarinki ne, na yumɓu, mai ɗigo-ɗigon fari, wanda ya ɓace ranar da ya tafi, kika ce Inna Hajara ce ta ɗauke, kika daina gaishe ta tun kafin a haifi babana. Mijinki ne ɓarawon. Ashe a gida na gado.

Da na komo ta cikin kogi, ba kowa a bayana. Jiya na duba gilasan teburina ɗaya bayan ɗaya, sai sararin sama kawai.

Na cika nawa. Amadou zai biyo bayan salla. Na share muku ɗaki a unguwar Banifandu.

Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.
Jikanki,
Mijinyawa


Yamai, 7 ga Yuli, 1985

Uwargida,

Gaisuwa da ta'aziyya. Ina haƙuri? Ina Inna Hajara, wadda na ji yanzu ita ke kwana ɗakinki?

Amadou ya dawo da Yaya Raliya da jaririya, alhamdu lillahi, har yarinyar ta fara cika. Amma kujerarki wayam. Yaya ta ce kin murza gululun a tafin hannu, ba ki yi kuka ba, kin dai ce ɗan banza, sannan kika tashi kika shiga gidan Inna Hajara ba ko sallama. Da kika fito, sai kika kwance kitso kika ce kin shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, kuma mai takaba a ɗakin mijinta take yi.

Na ruga wurin malamai har uku. Duk sun ce iddarki ta wuce tun kafin a haife ni, ba komai a kanki. Yaya ta ce in ma daina wahala, liman ya riga ya gaya miki haka, kika ce masa shi aka yi wa mutuwa ko ke?

Shekara goma ina sayar wa 'yan birni agogon da ba ya tafiya, ba wanda ya taɓa yi mini irin wannan. Kin ce za ki hau mota, ba ki dai faɗi yaushe ba. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago.

To, shi ke nan. Na naɗe tebur, na bar wa Baba Sumana tabarau na biyar. Na sayi buhu biyu da irin shuka tiya huɗu. An yi ruwa nan daren jiya, an ce ya sauka wajenku ma, kuma kogi ya fara motsi. Mai takaba ba ta zuwa rijiya, ba ta zuwa gona, dole wani ya je. Ranar Laraba in Allah ya so ina tafe. In hanya ta yanke, daga Tawa zan tako da ƙafa.

Kin yi shekara arba'in da shida kina ajiye ruwa don mai wannan zane. Ki sa Inna Hajara ta cika randa. In kin hango mutum daga gindin kuka, takalma rataye a wuya, kada gabanki ya faɗi. Ni ne.

Naki, wanda ya rage miki,
Mijinyawa