In Tada Cida Ko In Bar Ta a Rufe?

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya tashi a unguwarmu yana jin sunan motar zai gane ni, to ya rufa min asiri. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku karanta har ƙarshe kafin wani ya ce min ai mota ƙarfe ce kawai, wallahi na gaji da jin wannan maganar.

Ni magidanci ne, na haura hamsin, gidanmu yana Mabera a Sakkwato. Mahaifinmu ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda, lokacin da arzikin man fetur ya buɗe sojoji na mulki shi ma Allah ya buɗa masa. Wani Bature ɗan Amurka da ya zo aikin madatsar ruwa zai koma gida, sai ya sayar masa da motarsa. Baƙa ce wuluk mai ƙofa biyu, da farin layi tun daga bonet har baya, hancinta dogo, injinta silinda takwas. In aka tada ta sai ka ji ƙirjinka na rawa, kwanonin jeren ɗakin mahaifiyarmu suna kaɗawa. Mahaifiyar tamu, Inna muke ce mata, ita ta sa mata suna Cida, wai kukanta irin na hadari ne in yana tahowa daga nesa. Kullum da safe in Baba ya gama lazimi sai ya duba ruwa, ya zaro sandar awon baƙin mai ya goge ya mayar, sannan ya tada ta ya bar ta tana ɗumi. Ni aikina wanke tayu. Inna tana masa tsiya cewa ya sayo mota mai cin mai kamar rijiya, amma ranar Juma'a ita ce take fara yafa gyale ta shige gaba, kuma in ya tsaya hira a ƙofar gida sai ta miƙa hannu ta danna ham.

Daga baya abubuwa suka juya, arzikin man fetur ya ja baya, wasu sojojin suka karɓi mulki, har sabulu da madara sai an yi layi, balle kayan motar Amurka. Batirin Cida ya yi sanyi, an rasa irinsa, kullum sai an kai caji ana lallaɓawa. A haka wata rana cikin bazara, bayan azahar, Inna tana da tsohon ciki jini ya ɓalle mata. Aka ɗauko ta aka kwantar a mota, yayata Kulu ta riƙe kanta, Baba ya murza makulli, sai ƙyar-ƙyar-ƙyar, ta ƙi kamawa. Ya sake, ta ƙi. To kun san mu, in mota ta ƙi tashi turawa ake yi, duk motocin da muka sani haka ake musu. Baba ya leƙo yana cewa jama'a ku tura, maza suka fito daga zaure da masallaci, har da ni, muka tura ta layin nan har ƙarshe, muka juyo muka sake, gumi na zuba, kowa na cewa saura kaɗan ta kama. Ba wanda ya san cewa mota mai giyar otomatik irin wannan ba ta tashi da turi, ko shi Baba bai sani ba, don ba ta taɓa ƙi masa haka ba. Sai da kowa ya galabaita sannan wani ya ruga ya nemo akori-kura. Kafin a isa asibiti Allah ya karɓi abinsa, ita da abin da ke cikinta.

Bayan sadakar bakwai wani bakanike da ya zo gaisuwa ya faɗi maganar turin nan, ba da mugun nufi ba, bakinsa ne ya suɓuce. Na ga fuskar Baba a lokacin, ban taɓa ganin mutum ya tsufa a zaune ba sai ranar. Ya tashi ya sa aka tura motar ƙarƙashin rumfa, ya lulluɓe ta da tamfol da hannunsa, ya ce a gaban kowa: “Wallahi wagga mota ba ta ƙara tashi ina ji ina gani.” Masu so sun zo, ya ƙi sayarwa. 'Yan gwangwan sun zo, ya kore su. Haka ta zauna shekara da shekaru, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, ba mai ambaton sunanta a gidan.

Yanzu Baba ya tsufa sosai, idonsa ya tafi gaba ɗaya, ga rikicin tsufa ya kama shi. Ya manta rasuwar Inna, ya manta rantsuwar, wani lokaci ma sai na faɗa masa ko ni wane ne. Amma bai manta Cida ba. Kullum da safe in na shiga gaishe shi sai ya tambaye ni me ya hana a tada ta yau, in ce batir ne Baba, ya yi tsaki ya ce yaran zamani ba su iya riƙon abu ba. Gobe ma haka. Wani lokaci sai ya karkata kai ya kasa kunne wajen rumfar, ya daɗe a haka, sannan ya sauke kai. Wannan kasa kunnen shi ne ya hana ni sukuni, har na kasa jurewa.

Ranar da aka kai shi ganin likita na sa aka ja Cida zuwa garejin Malam Altine a Gawon Nama, tsohon bakanike ne da ya taɓa irin waɗannan injuna a ƙuruciyarsa. Abin da muka tarar ba kyau, ɓeraye sun cinye wayoyi sun yi gida a kujerar baya, tankin mai ya yi tsatsa, fistin sun kafe. Mutane da dama sun ce in dasa mata ƙaramin injin Japan in huta, Malam Altine ya ce in haka zan yi in kwashe kayana, don muryar ce motar. Muka sauke injin aka wanke, ya jiƙa fistin da mai har suka saki, aka canza zobba, lagireto aka kai wa mai walda, kabireta kuwa ɗana ne ya nemo a intanet daga waje, sai da ta farko ta zo ba daidai ba aka sake. Na ce a bar kujerar gaba yadda take, kada mai ɗinki ya taɓa ta. Ranar da ta kama a garejin nan, jama'a, na zauna a kan tsohuwar taya na yi kuka kamar yaro, ban ji kunyar kowa ba. Muryar nan ce, ba abin da ya canza.

Duk wannan Yaya Kulu ba ta sani ba sai da aka dawo da Cida gida a kan motar ja, don birki bai kammala ba. Ranar mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ta ce na raina rantsuwar mahaifinmu don na ga hankalinsa ya gushe, mutumin da ya rantse yana cikin hayyacinsa shi ne ubanmu na gaske kuma shi ya kamata a bi. Ni kuma raina ya ɓaci, dama ina da saurin hawa, na ce ai cewa ya yi ina ji ina gani, kuma yanzu ba ya gani. Ta kalle ni ta ce in ji tsoron Allah in daina wasa da kalma, ba ya gani amma yana ji, kuma ita wannan motar duk jinta ake yi. Muka kai maganar wurin kawunmu, malami ne, ya ce ta fuskar addini ba nauyi a kan wanda hankalinsa ya gushe, in ma zuciyarmu ba ta kwanta ba mu ciyar da miskinai a madadinsa, amma ya ce shi ba rantsuwar ce ke ba shi tsoro ba.

Ban gane nufinsa ba sai da Malam Altine ya zo haɗa birki. An zuƙe man tanki kafin a jawo ta, shi kuma ya manta, ya murza makulli don ya gwada batir. Ƙyar-ƙyar-ƙyar, ba ta kama ba. Sai muka ji Baba daga ɗaki, mutumin da sai an tallafe shi yake miƙewa, ya taso yana laluben bango yana kiran jama'a ku tura, ku tura don Allah, saura kaɗan. Muka riƙe shi yana fizgewa, ya yi ta kuka har la'asar, abinci ma ya ƙi. Washegari ya tashi ya manta komai, ya tambaye ni me ya hana a tada Cida.

Tun ranar nake cikin ruɗani. Zuciyata tana ce min mutumin nan ƙarar ƙin tashi ce ta ƙarshe da ya ji daga motar nan, da ita ya rayu duk shekarun nan, kuma yanzu mun sake jiyar da shi ita. In ya ji ta kama ta yi rugugin nan nata ko sau ɗaya, wataƙila safiyoyin can ne za su dawo masa, ya ji Inna na danna ham, ya yi dariya kafin ya bar duniya. Likita ma ya ce jikin nasa sai addu'a, ba ni da lokacin yin dogon tunani. Na faɗa wa Yaya Kulu haka, wannan karon ba ta yi faɗa ba, hawaye kawai ta share ta ce: “To in ta tashi, yac ce alhamdu lillahi ta kama, ku ɗauko innarku mu tai asibiti, mi za ka ce mai? Ni na riƙe kanta rannan, ba ni iya gaya mai sau biyu.”

Yanzu haka an zuba mai, batir sabo ne, makullin yana aljihuna, ina taɓa shi har a sahun sallah. Yau da safe na shiga gaishe shi, ya kamo hannuna, ya kira sunana daidai, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ce: “Tai ka ɗumama Cida, innarku ba ta son jira.” Na ce to Baba, na fito na tsaya gaban rumfar na kasa buɗe ƙofar motar.

Don Allah masu tsofaffi a gida, da waɗanda suka yi jinyar irin wannan lalurar, ku gaya min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. In tada masa ita ya ji, ko in mayar da tamfol ɗin in ci gaba da ce masa batir ne? Gobe da safe ma zai tambaye ni.