Baba Ya Tashi a Majami'a

Madarunfa, 17 ga Maris, 1976

Zuwa ga ƙanena Kalebu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Susana da yara. Allah ya sauƙaƙa muku zafin Yamai. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi jefi-jefi. Kifin tafki ya yi arha bana, maigidana Simon har ya fara ajiye tumbi.

Wasiƙarka ta iso. Da na karanta wa su Baba cewa ka ci jarrabawar rubutu ta babbar makarantar kasuwanci a Dakar, Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni ban yi mamaki ba. Yaron da ya fara karatu a lakwal ba takalmi, ya zama kontabul mai riƙe lissafin kuɗi, ya yi digiri yana aiki, wace jarrabawa ce za ta kayar da shi? Ina alfahari da kai, kuma na faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare, har da wanda bai tsaya ba.

Amma ƙarshen takardar ya ɓata mini rai. Wai saura ku tsaya gaban malamai ku yi bayani da baki, rabinku kawai za a ɗauka, kai kuma ka ga mai in'ina ba shi da rabo, gara ka janye tun ba a yi maka dariya ba. Haba Kalebu! Ban tsallake wurin ba, na karanta wa Baba duka. Sai ya ɗauki guga ya tafi garka ban ruwa.

Ka san wurinsa ka gaji in'inar nan. Tun da na yi wayo ban taɓa jin muryarsa cikin taro ba. Ko ranar aurena Kawu Yahaya ne ya yi magana a madadinsa. To, ran Lahadi fasto ya tambaya ko akwai mai addu'a, sai ga Baba tsaye, ya riƙe benci da hannu biyu. Sunanka kaɗai ya maƙale masa har gumi ya keto masa. Samari suka fara ƙunshe dariya, na watsa musu harara. Inna ta so ta ƙarasa masa, ya ɗaga hannu ya hana ta. A hankali ya kai ƙarshe. Bai roƙi a cire maka in'ina ba. Cewa ya yi Allah ya ba ɗansa ƙarfin zuciyar tsayawa, ya ba malaman nan haƙurin jira. Ban taɓa jin amin mai ƙarfi irin ta ranar ba, ni kuwa kuka nake.

Ba zan ce maka lallai za su ɗauke ka ba, ban sani ba. Amma ba harshenka suke nema ba, kanka suke nema, kuma sun riga sun gan shi a takarda. Ka je su jira ka.

Ka gaida Susana, da Mariama, da ƙaramin Ibrahim. Inna da Simon da Kawu Yahaya suna gaishe ku. Baba ya ce in rubuta maka cewa ran Lahadi mai zuwa ma zai tashi, kuma ba zai daina ba sai ya ji ka tsaya gabansu. Ka ji tausayin tsohon nan, Kalebu, ka je.

Taka yayarka,
Keziya